Makullin da Ba Shi da Zare

Shagon Kawu taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance. Na auna shi da ƙafata tun ina 'yar makaranta, na sake aunawa bana da zan karɓe shi, bai ƙaru ba bai ragu ba. A ciki akwai benci ɗaya, injin yankan makulli ɗaya, magagari bakwai, da ƙusoshi ɗari biyu da sha ɗaya a jikin katako, kowace tana ɗauke da ɗanyun makullai, wato waɗanda ba a fitar musu da haƙora ba tukuna. Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Shekara talatin da huɗu ya yi a cikin wannan taku huɗun, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin takalma, har mutanen layin suka manta yana da wani suna ban da Mai Makulli. Ni kuwa Ƙirgau yake kirana, domin ko matakalar bene na hau, sai na faɗi adadinta in na kai sama.

Ba da wannan sana'a ya fara ba. Walda ya koya, tartsatsi ya taɓa masa idon hagu, likita ya ce ya nemi aikin da babu wuta a ciki. Wani tsoho mai gyaran kwaɗo ya karɓe shi, ya sa shi ya yi shekara biyu yana goge makulli da magagari kafin ya bar shi ya taɓa inji. Abin da tsohon ya fi nanata masa kuwa ba yanka ba ne, doka ce: ba ka yanka ko guda ɗaya fiye da abin da mai makulli ya ce, ba ka kuma ajiye na kowa. Duk mai wannan sana'a da wannan dokar yake cin abinci. Ranar da aka ji mai makulli yana ɓoye na mutane, ranar ya tashi daga aiki, ko da bai taɓa leƙa ƙofar kowa ba.

Abin da ya bambanta Kawu da sauran masu yanka shi ne tafin hannunsa. Wani lokaci in aka miƙa masa makulli, sai ya ji sanyi ya ratsa tafin, kamar ya ɗauki kofin ruwan ƙanƙara. In ya ji haka, to jikinsa ya ba shi cewa makullin nan zai ɓata wa mai shi. Karon farko a kan wani direban bas ne. Kawu ya ce masa ya kula da makullin ɗakinsa, direba ya yi dariya ya ce a yanka masa abin da ya kawo shi kawai. Kwana uku sai ga shi da kwaɗo a fashe a hannu, yana tambaya wa ya gaya wa Kawu.

Babu wanda ya gaya masa, kuma bai taɓa hango wani babban abu ba. Ba ya sanin mutuwa, ba ya sanin gobara, ba ya sanin wanda zai yi arziki. Iyakarsa makulli, sai ɗan abin da ba a rasa ba, kamar ya ce wa mai agogo ya janye kofin shayinsa daga bakin tebur, mai agogo ya ƙi, can an jima gwiwar hannu ta ture shi. Mai agogo yana tsokanarsa da Boka, shi kuma yana ce masa Mai Tsayar da Lokaci, don rabin agogunan shagonsa ba sa tafiya. A gida kuwa abin ba ya aiki ko kaɗan. Sau uku Kawu yana yar da makullin ɗakinsa. A na ukun sai da ya shiga ta taga, Inna matarsa tana tsaye a tsakar gida tana tambayarsa ko yau jikin ya tafi hutu ne. Ya ce mata jikinsa ma'aikaci ne, ƙarfe shida yake tashi daga aiki.

Da farko shawara yake ba mutane su ƙara yanka ɗaya, sai suka ɗauka ciniki yake nema. Ya koma yana yanka musu kyauta. Wannan ma bai yi ba, domin mutum sai ya karɓi sabon ya zura shi a zobe ɗaya da tsohon, su ɓata tare. Mutum tara suka yi masa haka. Daga nan ya fito da tsarin zare. In hannunsa ya yi sanyi, sai ya faɗa wa mutum gaskiya. In mutum ya yarda, sai a yanka ɗaya, mai makullin ya zaɓi zare daga ragowar na mai takalma, ya ɗaura da hannunsa, ya yi ƙullin da zai gane, ya jefa da kansa a cikin wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin benci. Makullin akwatin yana wuyan Kawu, ko wanka ba ya cire shi. Duk layin an san da akwatin, kuma ba a taɓa jin ƙorafi a kansa ba, saboda babu abin da ke shiga ciki sai da hannun mai shi.

Ina shekara sha huɗu na sayi littafi na fara rubuta abin, da niyyar in kama Kawu. Duk Asabar zan je ya faɗa min na makon. A shekara sha tara, sau ɗari da sha takwas hannunsa ya yi sanyi. Mutum talatin da ɗaya suka ƙi, ban san yadda suka ƙare ba. Tamanin da bakwai suka ɗaura zare. Daga cikinsu sittin da biyu sun dawo sun karɓa, makullinsu ya ɓata. Wanda ya fi saurin dawowa minti arba'in ya yi, wanda ya fi daɗewa shekara huɗu da wata biyu. Na sha gaya wa Kawu cewa in ka jira mutum shekara huɗu, ai ko wane ne zai yar da wani abu. Ba ya musu da ni. Sai ya ce in ci gaba da ƙirgawa, shi zai ci gaba da ji, kowa da aikinsa.

Bara hannunsa ya fara rawa. A mako guda ya lalata makulli huɗu, abin da a da ba ya yi a shekara. Ni kuma shekarata sha ɗaya a kantin magani ina ƙirga ƙwayoyi, na gaji da aikin wani, kuma yankan makulli na iya shi tun ina budurwa. Na zauna na tsara komai a takarda shafi uku: fenti, allon suna, sabon inji mai yanka na mota, kujera biyu don masu jira. Kawu ya karanta da tabarau a bakin hanci, ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Sai an mayar wa kowa makullinsa, akwatin ya zama fanko. Ya ce shi mutane suka amince wa, ba shago ba, kuma amana ba ta cikin kayan da ake miƙa wa magaji.

Na ce wannan ai aikin mako ɗaya ne. Tamanin da bakwai a cire sittin da biyu, saura ashirin da biyar.

Ranar Litinin da hantsi muka buɗe akwatin, na zazzage shi a kan benci, na jera su biyar-biyar. Layi biyar suka cika, ɗaya ya rage a hannuna. Na sake ƙirgawa. Na ƙirga na uku daga baya zuwa gaba. Ashirin da shida. Na ƙarshen yana naɗe cikin 'yar takarda, ya maƙale a kusurwa, kuma babu zare a jikinsa.

Na ɗaga shi na kalli Kawu. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya leƙa waje ya ga mai agogo ya duƙufa a kan aikinsa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Na Malama ne."

Malama ɗaya ce a wurinmu. Ta koyar a firamare shekara talatin da biyar. Ni ta koyar da ni, ta koyar da mai takalma, ta koyar da 'ya'yan mai agogo su shida. Rabin masu shago a layin sun sha rularta a tafin hannu, kuma har yau in ta wuce miƙewa suke yi. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce mutum ba shi da gaskiya, ba a sake tambaya. Tun da mijinta ya rasu ita kaɗai take zaune a ɗaki biyu a saman wani bene.

Kawu ya ba ni labari. Shekara shida da suka wuce ta kawo makullin ƙofarta a yanka wa 'yarta ɗaya. Yana karɓa sanyin ya hau har gwiwar hannunsa, bai taɓa jin irinsa ba. Ya faɗa mata, ya nuna mata zare. Ta ce ita ko allura ba ta taɓa yarwa ba, kada ya kawo mata camfi, ya yanka ɗaya kamar yadda ta ce. Makullin yana bakin inji, wani tsohon ɗalibinta ya tsaya gaishe ta, ta juya tana amsawa. Kafin ta juyo Kawu ya yanka biyu, ya ba ta ɗaya, ɗayan ya faɗa aljihu. A ransa kwana biyu ne za ta dawo a rikice, ya fito mata da shi, ta yi faɗa kaɗan ta gode. Kwana biyu suka zama shekara shida. Malama ba ta yar da komai ba. Bai faɗa min ba, bai faɗa wa Inna ba, ko layin gidanta ya daina bi.

Ni mai neman mafita ce. Na ɗauko magagari na ce wannan daƙiƙa arba'in ne, in goge haƙoran, ya koma guntun ƙarfe, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Na tuna masa cewa in Malama ta buɗe baki sau ɗaya a layin nan, shekara talatin da huɗunsa sun tafi, ashirin da biyar ɗin da ke gabanmu ma kowa zai fara tunanin ko an yanka nasa biyu. Ban ɓoye masa ba, har da shagon da zan karɓa nake ji. Wa zai kawo makulli inda aka ce ana ɓoyewa?

Ya karɓe magagarin daga hannuna ya mayar mazauninsa. "In kika goge, makullin ne ya tafi," ya ce. "Shekara shidan fa, da me za ki goge su?"

Da yamma Inna ta ji, ta goyi bayana. Ta ce tsoho da rawar hannu ya je ya tona wa kansa asiri a kan ƙarfen da bai kai ɗan yatsa ba, wannan wace irin gaskiya ce. Kawu ya ci abincinsa ya tashi. Wanda ya san shi ya san an gama magana.

Muka fara da masu zare. Kwana tara muka yi, ni a gaba da littafi, shi a baya da jaka. Sha tara muka miƙa hannu da hannu, kowa ya gane ƙullinsa. Huɗu sun canza kwaɗo tuntuni, aka goge nasu a gabansu ana dariya. Biyu sun rasu, muka ba iyalansu. Wani mai shayi da makullinsa ya yi shekara uku a akwati ya karɓa yana cewa ya ci Boka da yaƙi. Bayan kwana biyu ya yar da zoben gaba ɗaya, ya zo shago yana yi wa Kawu faɗa wai me ya sa ya dawo masa da shi. Na gyara lissafina ya zama sittin da uku. Kawu ya yi murmushi, amma bai kai zuci ba, domin 'yar takardar tana aljihun gabansa, ina ganin yana taɓa ta.

Rana ta goma bayan la'asar muka je gidan Malama. Matakala ashirin da biyu ce, sau biyu Kawu yana tsayawa. Ta buɗe mana da kanta, ta gane ni nan take, ta tambayi mahaifiyata da yarana. Ɗakin tsaf yake: kujera uku, rediyo an rufe shi da ƙyalle, littattafai a jere bisa tsayinsu, gwangwanin fure a bakin taga. A jikin bango kusa da ƙofa akwai ƙusa ɗaya, makullinta yana rataye. Ta kawo mana ruwa. Kawu bai sha ba, bai kuma hau kujera ba. Ya durƙusa, ya warware takardar, ya ajiye makullin a gabanta, ya faɗi komai tun daga sanyin har zuwa aljihu. Bai rage ba, bai ƙara wa kansa uzuri ba.

Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ɗauki makullin, ta tashi a hankali saboda gwiwa, ta je ƙofa ta zura shi ta murɗa. Ya juya sumul, kamar kullum ake amfani da shi. Ta murɗa ta mayar, ta zare, ta tsaya tana duba makullin.

"Shekara shida ina kulle ƙofar nan ina cewa daga ni sai 'yata," ta ce. "Ka taɓa hawowa?"

"Ko layin nan na daina bi, Malama."

"Na lura. Na ɗauka gaba kake yi da ni don na ce maka mai camfi." Ta dawo ta zauna. "Jikinka ya ba ka zan yar. Na yar?"

"Ba ki yar ba."

"To jikinka ya yi kuskure, kai kuma ka yi laifi. Abu biyu ne, kada ka haɗa su. Da na yar ɗin ma, laifin yana nan."

Kawu ya ce haka ne. Ta juyo kaina ta tambaya yaushe na sani. Na ce kwana goma. Ta ce me na ba shi shawara. Na ji kamar ina aji uku an kira ni gaban allo. Na faɗi gaskiya, na ce cewa na yi a goge a yi shiru. Ta kalle ni ta saman tabarau, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ta tambaya ko ya zo da kayan aiki. Kawu ba ya fita babu ƙaramin magagari a aljihu. Ta shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa ta ce ya goge shi a nan, tana gani. Ya danne makullin a gefen jaridar ya fara, hannun yana rawa, magagarin yana zamewa. Na miƙa hannu zan karɓa, Malama ta ce in bar shi, ba ni na yanka ba. Haƙora biyar ne. Abin da zan yi a daƙiƙa arba'in, minti sha ɗaya ya ɗauke shi. Ba a jin komai sai ƙarar ƙarfe da hayaniyar motoci daga ƙasa. Da ya gama ta karɓa ta shafa da yatsa, ta naɗe shi tare da garin ƙarfen a cikin jaridar, ta ajiye a kan tebur. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce mu sauka lafiya, mu gaida gida.

Kwana uku muka yi muna jira. Kawu yana zuwa shago da wuri kamar kullum, ya zauna a benci, ni ina fenti. Duk wanda ya yi sallama sai mu auna muryarsa. Mai agogo ya yi tari, sai in ga Kawu ya ɗago. Na ƙirga masu kawo aiki: sha huɗu, sha biyu, sha biyar. Ba su ragu ba, amma wannan bai nuna komai ba, domin Malama ba mai gaggawa ba ce. Inna ta daina tsokanarsa, abin da ya fi komai nuna cewa gidan ba lafiya.

Rana ta huɗu, wajen ƙarfe tara, na hango ta daga bakin layi da sandarta. Masu shaguna suna ta miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya wurin mai takalma, ta tsaya wurin mai agogo, kowanne ta ɗan daɗe, mu kuwa ba ma jin abin da ake cewa. Kawu ya miƙe ya gyara hula, ya riƙe bakin benci.

Ta iso ta amsa gaisuwarmu, ta dubi fentin ta ce ya yi haske da yawa. Sannan ta buɗe jaka ta ciro makullinta ta ajiye a kan benci. Ta ce gwiwa ta fara gardama, 'yarta kuma tana nesa, ta yanke shawara maƙwabciyarta ta ƙasa ta riƙe ɗaya saboda ko ta kwana.

"Guda ɗaya, Mai Makulli," ta ce, yadda mai agogo da mai takalma za su ji. "Asibiti za ni, sai azahar zan biyo. Ka riƙe shi kafin nan."

Mai takalma ya ce a kawo mata kujera, ai minti biyar ne. Ta ce ba ta da minti biyar, layin ganin likita ba ya jira. Ta juya ta tafi, ta bar makullin ƙofarta a kan bencin Kawu.

Ya daɗe bai taɓa shi ba. Can ya ɗauka, ya duba haƙoran ta wajen haske, ya miƙa hannu ya zaro ɗanye ɗaya daga ƙusa. Ya danne su biyun a bakin inji, yatsunsa suna karkarwa, sai ya ce, "Riƙe min nan, Ƙirgau." Na dafa hannunsa da nawa, muka bi haƙoran tare a hankali. Ya goge bakin da kansa, ya hure garin, ya haɗa su baya da baya. Babu bambanci.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin ta dawo. Ta karɓa ta duba, ta sa ɗaya a jaka, ɗayan ta ƙulle a bakin mayafi. Ta ce wa Kawu ya riƙa shan maganin hannun nan a kan lokaci, kuma in ya yi ritaya kada ya zauna a gida ya ishi matarsa. Daga nan ta matsa wurin mai takalma, ta cire takalminta na dama ta miƙa masa, ta ce dunduniyar ta fara buɗewa.